Lamba 2,147,483,647: Ɗaya Talatin da Ɗaya a Jere

Lamba 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai, tana da alƙaluma goma, kuma a ido babu abin da ya bambanta ta da maƙwabtanta. Ba ta ƙare da jerin sifili ba, alƙalumanta ba sa maimaita wani tsari, ba ta kuma da sauƙin haddacewa. Girmanta dai ba na wasa ba ne. Wanda ya zauna ƙirga, yana faɗin lamba ɗaya a kowane sakan, ba ci ba barci, sai ya shekara 68 da 'yan kwanaki kafin ya iso gare ta.

Abin da ake fara dubawa a kowace lamba shi ne cika ce ko mara. Wannan ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, biyu ba ta raba ta. Biyar ma ba ta raba ta, tun da ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. In aka tara alƙalumanta goma ana samun 46, kuma 46 ba ta rabuwa gida uku, don haka uku da tara sun fita. In an raba ta da bakwai, ɗaya ke saura. Mai haƙuri zai iya ci gaba da gwada 11 da 13 da 17, kullum sai ya tarar da ragowa. Dalili kuwa shi ne babu wata lamba da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Irin waɗannan lambobi, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13, su ne masu lissafi ke kira firam. A nan za a kira su gagara-raba. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su, domin kowace lamba da ta haura ɗaya, ko dai ita kanta gagara-raba ce, ko kuwa an same ta ne ta hanyar ninka wasu gagara-raba da juna, kamar yadda 60 take 2 sau 2 sau 3 sau 5.

Siffarta ta gaskiya

Rubutu da alƙaluma goma ne ya ɓoye asalin wannan lamba. In aka fara da ɗaya ana ninkawa biyu, 2, 4, 8, 16, 32, 64, har sau 31, za a isa 2,147,483,648. A ɗebe ɗaya, sai ga lambar. Masu lissafi na rubuta wannan a taƙaice 2³¹ − 1. Duk wata shahara da ta yi, a wajen malaman lissafi da kuma a wajen masu rubuta manhajar kwamfuta, daga wannan siffa ta samo asali.

Akwai tsohon labari da ke nuna siffar a fili. Ibn Khallikan, marubucin tarihin mashahuran mutane na ƙarni na 13, ya kawo labarin wanda ya ƙago shatranji, darar nan mai gida 64, da sarki ya ce ya faɗi ladan da yake so. Sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gida na farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ninkawa har gida na ƙarshe. Sarki ya raina buƙatar, sai da masu lissafin baitulmali suka zauna suka gano rumbunan duniya ba za su biya ba, domin jimillar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Da an tsaya a gida na 31, tun ba a kai rabin allon ba, ƙwayoyin da aka zuba gaba ɗaya su ne 2,147,483,647 daidai. Haka abin yake a kowane gida: jimillar abin da aka zuba tana gaza rabon gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Ɗaya da biyu da huɗu bakwai ne, gida na gaba takwas.

A tsarin ƙirga na biyu-biyu, wanda alƙalumansa 0 da 1 ne kawai, 3 ana rubuta ta 11, 7 kuwa 111, 31 kuma 11111. A wannan tsari 2,147,483,647 ɗaya ce guda 31 a jere, babu sifili ko ɗaya a tsakani. Matsayinta a can irin matsayin 999 ko 9,999 ne a ƙirgar yau da kullum: mudu ya cika fal, ƙwaya ɗaya aka ƙara sai ya zube.

Dangin Mersenne

Lambobin da ke da siffar biyu ninki-ninki ba ɗaya ana jingina su ga Marin Mersenne, wani limamin Kirista ɗan Faransa da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Ɗakinsa a birnin Faris ya zama kamar gidan waya na masana zamaninsa. Fermat da Descartes da wasunsu suna rubuto masa, shi kuma yana isar da tambayar wannan ga wancan.

Sharaɗin farko a wannan dangi mai sauƙi ne. In ana so sakamakon ya zama gagara-raba, dole adadin ninkin shi ma ya zama gagara-raba. Ninki 2 na ba da 3, ninki 3 na ba da 7, ninki 5 na ba da 31, ninki 7 na ba da 127, dukkansu gagara-raba. Ninki 4 kuwa na ba da 15, wato 3 sau 5. Mutanen farko sun ɗauka sharaɗin ya wadatar, sai ninki 11 ya watsa musu ƙasa a ido: yana ba da 2,047, wadda take 23 sau 89. Daga nan aka gane kowace sai an gwada ta ita kaɗai.

Pietro Cataldi, ɗan birnin Bologna a Italiya, ya tabbatar a 1588 cewa ninki 17 da ninki 19, wato 131,071 da 524,287, gagara-raba ne. Da ya tsaya nan da bai yi kuskure ba, amma ya ƙara da cewa 23 da 29 da 31 da 37 ma haka suke, alhali jadawalin da yake aiki da shi bai kai ya gwada su ba. Uku daga cikin huɗun ba daidai ba ne. Fermat ya nuna a 1640 cewa 47 na raba ta 23, kuma 223 na raba ta 37. Daga baya wani masanin lissafi, Euler, ya fasa ta 29, wadda take 233 sau 1,103 sau 2,089. Ta 31 kaɗai ta tsira.

Mersenne ya fitar da nasa jerin a 1644, inda ya ce daga farko har zuwa 257, ninkin da ke ba da gagara-raba su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. An ɗauki kusan shekara ɗari uku kafin a gama tantance jerin, aka tarar da kuskure biyar: 67 da 257 bai kamata su shiga ba, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Ta 67 ta bar abin tunawa. A 1903, a wani taron masu lissafi a birnin New York, Frank Nelson Cole ya nuna cewa ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Ana ba da labarin cewa bai ce uffan ba, alli kawai ya ɗauka ya yi lissafin biyu a kan allo, da suka yi daidai ya koma kujerarsa, jama'a suka tafa. Wanda ya yi kuskure biyar a jeri ɗaya shi ne sunansa ya manne wa dangin har yau, Cataldi da ya kawo hujja ta gaske a kan biyu daga cikinsu ba a cika ambatonsa ba.

A jerin da aka gyara, 2,147,483,647 ita ce ta takwas.

Yadda Euler ya tabbatar

Faɗin cewa lamba gagara-raba ce abu ne mai sauƙi. Kawo hujja ne aiki. Wanda ya yi aikin a kan wannan lamba shi ne Leonhard Euler, haifaffen Basel a Suwizalan, wanda ya sanar da sakamakon a 1772 cikin wasiƙar da ya rubuta wa ɗaya daga cikin iyalan Bernoulli. A lokacin yana zaune a birnin Petersburg na Rasha, ya haura shekara sittin, idonsa kuma ya riga ya tafi.

Ba lallai ne a gwada duk lambobin da ke ƙasa da biliyan biyu ba. In lamba ta rabu gida biyu, ɗaya daga cikin masu raba ta dole ya zama ƙarami: 91 ita ce 7 sau 13, kuma wanda ya sami 7 ya riga ya sami 13. Iyakar bincike ita ce lambar da in aka ninka ta da kanta za ta kai wadda ake gwadawa. A nan 46,340 sau 46,340 na ba da 2,147,395,600, wadda ta gaza kaɗan, 46,341 sau kanta kuma ta wuce. Saboda haka bincike ya tsaya a 46,340. Ƙasa da wannan iyaka akwai gagara-raba 4,792. Yin rabawa mai tsawo kusan sau dubu biyar da hannu, ba tare da kuskure ko ɗaya ba, ba ƙaramin jidali ba ne.

Euler ya rage aikin da rariya biyu. Ta farko daga Fermat ta zo: duk gagara-raba da za ta raba irin wannan lamba, dole in an ɗebe mata ɗaya ta rabu daidai da ninki biyu na adadin ninkin. Misalin 2,047 ya nuna haka ƙarara. Adadin ninkinta 11 ne, ninkinsa biyu 22; masu raba ta kuwa 23 da 89 ne, wato 22 da ɗaya, da 88 da ɗaya. Ga ninki 31, ke nan, sai lambobin da suka ɗara rukunin 62 da ɗaya: 63, 125, 187, 249, 311 da sauransu. Rariya ta biyu ta Euler ce da kansa: mai rabawar, in an raba shi da takwas, ragowarsa dole ta zama 1 ko 7. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, abin da ya saura shi ne lambobin da ke barin ragowar 1 ko 63 in an raba su da 248. Ƙasa da iyakar, waɗannan ba su kai 400 ba, kuma galibinsu ma ba gagara-raba ba ne, ba sa buƙatar gwaji. Ta farko, 63, ita ce 7 sau 9; 249 kuwa 3 sau 83. Wadda ta fara cancantar gwaji ita ce 311, kuma in an yi rabawar ana samun 6,905,092 da ragowar 35. Haka aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta raba daidai. Lambar ta shekara da yawa tana riƙe da kambun gagara-raba mafi girma da aka tabbatar.

Yau hanyar da ake bi daban ce, kuma ba ta neman mai rabawa ko kaɗan. Édouard Lucas ne ya assasa ta, har ya tabbatar da ta ninki 127 da hannu a 1876, sannan Derrick Lehmer ya daidaita ta a 1930. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe ragowar, a sake. Ana yin zagayen sau adadin ninkin ba biyu. In an ƙare da sifili, lambar gagara-raba ce. In ba haka ba, tana rabuwa. Ga 31, wadda ninkinta 5 ne, zagaye uku ake yi: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194, ragowarta 8, 8 ta ba da 62, wadda 31 ta raba daidai. Ga 2,147,483,647 zagaye 29 kacal ake buƙata, abin da wayar hannu ke gamawa kafin ƙiftawar ido. Da wannan gwaji ne ake tabbatar da manyan na zamani. Wadda aka gano a watan Oktoba na 2024, ta 52 da aka sani a dangin, ninkinta 136,279,841 ne, alƙalumanta kuma sun haura miliyan 41.

Sauran azuzuwan da take ciki

Adadin ninkinta, 31, shi ma ɗan dangin ne, tun da 31 ita ce 32 ba ɗaya. Lambar Mersenne da aka gina a kan wata lambar Mersenne ana ce mata mai ruɓi biyu. Gagara-raba huɗu kawai aka sani masu wannan hali: 7, 127, 2,147,483,647, da ta ninki 127 da Lucas ya tabbatar, mai alƙaluma 39.

Wani aji ya shafi murabba'ai, wato lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta: 1, 4, 9, 16, 25. Wasu gagara-raba suna rubutuwa a matsayin jimillar murabba'i biyu, kamar 13 da take 9 da 4, ko 29 da take 25 da 4. Amma duk lambar da ta bar ragowar 3 in an raba ta da huɗu ba ta yarda da haka, wadda kuma ta bar ragowar 7 in an raba ta da takwas ko murabba'i uku ba sa isarta. Wannan lamba ta faɗa cikin duka biyun. Masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa murabba'i huɗu sun wadaci kowace lamba, ita kuwa tana cikin masu cinye huɗun duka. Ga hanya ɗaya: murabba'in 46,339, wato 2,147,302,921, da murabba'in 425, wato 180,625, da 100, da 1.

Maƙwabciyarta ta ƙasa akasinta ce. 2,147,483,646 tana farfashewa zuwa 2, 3, 3, 7, 11, 31, 151 da 331. Maƙwabciyar sama kuma biyu ce zalla, sau 31.

Ajin da ya fi tsufa shi ne wanda Girkawa suka tsara, malaman lissafi na Larabci suka gada. Ana tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta gaza lambar, mai giɓi ce, kamar 8 da masu raba ta 1, 2 da 4 suka ba da 7. In ta wuce, mai rara ce, kamar 12 da ke ba da 16. In ta yi daidai, cikakkiya ce, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28 da take 1, 2, 4, 7 da 14. A wannan ma'auni 2,147,483,647 mai giɓi ce ta ƙarshen ƙarshe, domin jimillarta ɗaya ce tilo. Sai dai ita ke haifar da cikakkiya. Masanin lissafi Yukilid ya nuna tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa in aka ɗauki gagara-raba mai wannan siffa aka ninka ta da rabin lambar da ta ɗara ta da ɗaya, cikakkiyar lamba ake samu: 3 sau 2 shida, 7 sau 4 ashirin da takwas, 31 sau 16 kuma 496, 127 sau 64 na ba da 8,128. Wani masanin, Ibn al-Haisam, ya yi ƙoƙarin nuna cewa babu wata hanyar samun cikakkiya mai cika sai wannan, Euler ne kuma ya kammala hujjar. Ta takwas a jerin cikakku, wadda aka samu daga 2,147,483,647 sau 1,073,741,824, ita ce 2,305,843,008,139,952,128. Peter Barlow, wani malamin lissafi ɗan Ingila, ya rubuta a 1811 cewa da wuya wani ya nemi wadda ta fi ta, tun da irin waɗannan lambobi ban sha'awa kawai gare su, ba amfani. Hasashen ya faɗi ta fuska biyu: an gano waɗanda suka fi ta, kuma 2,147,483,647 ta yi amfani a kwamfuta.

Iyakar da ke cikin kwamfuta

Kwamfuta tana ajiye lamba ne a cikin gurabe masu kama da makunnin lantarki, kowanne ko a kunne ko a kashe, 1 ko 0. Ana kiran kowane gurbi bit. Tsarin da ya mamaye na'urori shekaru da dama yana ware gurabe 32 ga lamba ɗaya. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar sama da sifili take ko ƙasa, sauran 31 su ɗauki girmanta. In aka kunna 31 ɗin duka, an kai 2,147,483,647, babu gaba. Aka ƙara ɗaya, sai gurabe 31 su koma sifili, ɗayan da aka ɗauko ya tsallaka cikin gurbin alama, na'urar ta karanta −2,147,483,648. Kamar mitar kilomita ta tsohuwar mota ce da ta kai 99,999 ta juya, sai dai wannan ba sifili take komawa ba, can ƙasan rijiya take faɗawa.

Biliyan biyu ta yi kamar da yawa lokacin da ake tsara waɗannan na'urori, amma ba ta da wuyar cika. Manhajar da ke ajiye kuɗi a kwabo cikin gurabe 32 za ta ƙure a naira 21,474,836 da kwabo 47, kuɗin da bai fi ƙarfin cinikin babban shago ba. Lambar wayar salula ta Nijeriya, in an cire sifilin farko, alƙaluma goma ce mai farawa da 7 ko 8 ko 9, wato ta haura biliyan bakwai, ba ta shiga wannan ma'aji. Wasu manhajoji in an tura musu abin da ya fi ƙarfinsu sai su rubuta 2147483647 kawai, shi ya sa lambar kan ɓulla a wuraren da ba ta da dalilin zuwa. Mutanen duniya ma, da suka kai biliyan takwas a 2022, sun wuce ta kusan sau huɗu. A watan Disamba na 2014, da bidiyon waƙar Gangnam Style ta mawaƙin Koriya ta Kudu Psy ya kai wannan adadi na kallo, YouTube ya sanar cewa ya mayar da ma'aunin ƙirgarsa gurabe 64, wanda iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne agogo. Tsarin sarrafa kwamfuta na Unix da 'ya'yansa suna lissafin lokaci ne da adadin sakan da suka wuce tun daga farkon ranar 1 ga Janairu 1970. Shekara 68 ɗin nan da aka ambata a farko za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 da sakan 7 na dare agogon GMT, wato 4:14 na asuba agogon Nijeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan nan, duk na'urar da har lokacin take ajiye lokaci a gurabe 32 za ta ɗauka ranar 13 ga Disamba 1901 ce. Sababbin kwamfutoci da wayoyi sun riga sun koma gurabe 64, waɗanda za su ɗauki sakan na kimanin shekara biliyan 292. Damuwar tana kan ƙananan na'urorin da aka dasa cikin injuna da mitoci da kayan masana'antu, waɗanda akan bari su yi ta aiki shekaru ba mai taɓa manhajarsu.

A wuri guda halayen lambar biyu suka haɗu. Kwamfuta kan buƙaci lambobi masu kama da na ƙuri'a, don wasanni da gwaje-gwajen kimiyya, alhali ita ba ta iya jefa ƙuri'a. Dabarar da Lehmer ya kawo ita ce a ɗauki lamba, a ninka ta da wata tsayayya, a raba da wata babba, a riƙe ragowar, a sake. Babbar in gagara-raba ce tsarin ya fi kyau, in kuma ta dace da girman ma'ajin na'ura aikin ya fi sauri, kuma 2,147,483,647 ta cika sharuɗɗan biyu. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a riƙe ta a matsayin mizani, tare da 16,807, wato bakwai sau kanta har biyar, a matsayin mai ninkawa. In an fara da 1, ana samun 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, kuma jerin zai ziyarci kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 sau ɗaya ɗaya kafin ya dawo kan 1.